Garin Gyaran Gira: Yadda Kwaskwarima Ke Sauya Fasalin Gidajen Tarihinmu



Kwanakin baya muna zaune muna shawarar inda za a kai yaran unguwa su buɗe ido idan an yi hutun makaranta, sai wani dattijo a cikinmu ya kawo wata magana da ta tsaya mana a rai. Ya ce shi fa duk gidan tarihin da ya shiga yana saurayi, in ya koma yanzu sai ya riƙa jin kamar ya yi ɓatan kai. Ginin yana nan inda ya san shi, sunan bai canja ba, kayan ma yawancinsu su ne dai na da. Amma ƙofar da aka shigar da shi wancan karon ba ita ce ta yau ba, abin da ya tarar a gaba an mayar da shi lungu, na lungu kuma an fito da shi an haska masa fitila. Samari suka yi dariya, wani ya ce, "Baba, anya ba ido ba ne ya fara gajiya?" Baba bai tanka ba. Mu kuwa da muka koma muka bi tarihin waɗannan gidaje ɗaya bayan ɗaya, sai muka tarar idon Baba ƙalau yake.

Abin da muka gano shi ne, a gidan tarihi ba kayan da ke cikin gilashi kaɗai ke ba da labari ba. Hanyar da aka shata wa ƙafar mai ziyara ita ma magana take yi. Wanda ya yanke cewa ta nan za a shiga, wannan ɗaki za a fara gani, wancan sai a ƙarshe, to shi ya zaɓi inda tarihi zai fara da inda zai tsaya. Saboda haka duk ranar da aka kirawo magina aka ce za a yi gyara, an taɓa labarin, ko an sani ko ba a sani ba.

Mu fara da Kano, don da wuya a sami gini a ƙasar Hausa da ya sha juyi irin Gidan Makama, wanda ke daura da fadar Sarki. An gina shi ne a ƙarni na 15 domin Muhammadu Rumfa, tun yana ɗan sarki mai riƙe da sarautar Makama. Da Allah Ya ba shi sarautar Kano, wadda ya yi daga 1463 zuwa 1499, sai ya gina sabuwar fada, wato Gidan Rumfa da sarakunan Kano ke zaune a ciki har gobe, ya bar tsohon gidan ga waɗanda suka gaje shi a sarautar Makama. Ke nan asalinsa gidan zama ne na babban basarake, kuma duk wanda ya tashi a gidan gargajiya ya san abin da hakan ke nufi.

Gidan Bahaushe an tsara shi ne don ya tace mutane. Baƙo iyakarsa zaure. In yana da ɗan matsayi ko kusanci sai a wuce da shi ƙofar gida, daga nan sai shigifa, inda mai gida ke ganawa da aminai. Cikin gida kuwa sai muharrami da yara. Magini na ƙwarai ba ya barin ƙofa ta kalli ƙofa, karkata ta yake yi, yadda wanda ke tsaye a waje ba zai miƙa ido ya hango tsakar gida ba. Tagogi 'yan ƙanana ne, can sama, saboda sanyi da sutura. A gidan sarauta abin ya fi haka tsanani: soro bayan soro, kowanne da irin mutanen da ke tsayawa a cikinsa, har akan gane girman mutum da yawan sorayen da aka bari ya ƙetare. A riƙe wannan a rai, domin gidan tarihi kishiyar haka yake bukata. Shi so yake ya jawo baƙon da bai san kowa ba, ya ratsa da shi kowane ɗaki, ya fitar da shi ta wancan gefe, wani ya shigo.

Babban juyi ya zo ne da Turawa. Ranar 3 ga Fabrairun 1903 sojojin Ingila ƙarƙashin Kanar Morland suka ci Kano, lokacin Sarki Alu ya tafi Sakkwato. Wannan Morland ɗin dai shi ne ya shigo mana Bauchi shekara guda kafin nan, a Fabrairun 1902, aka tuɓe Sarki Umaru. Turawan suka yi amfani da Gidan Makama a matsayin ofis na ɗan lokaci. Ɗakin da aka gina don a zauna a kan buzu da tabarma, a faɗi a yi gaisuwa, sai ga shi da tebur da kujera da tarin takardu. Daga baya aka raba gidan kashi uku: wani ɓangare ya zama makarantar firamare, wani ya ci gaba da zama gidan zama, na ukun kuma aka miƙa shi ga ma'aikatar kula da kayan tarihi. Don haka duk wanda ya sayi tikiti ya shiga a yau, ya sani cewa yanki ɗaya yake gani daga gidan da a da guda ne. Hanyoyin da suka haɗa wannan soro da wancan tsakar gida a zamanin Makamai, rabon nan ya yanke su.

Ita wannan ma'aikata, wani Bature malamin zane mai suna Kenneth Murray ne aka fara ɗora wa nauyinta a 1943. Aka buɗe gidan tarihi na Jos a 1952 a hannun Bernard Fagg, aka yi dokar kare kayan tarihi a 1953, aka buɗe na Legas a 1957. A 1959 aka sa Gidan Makama cikin jerin wuraren tarihi na ƙasa. Sannan a 1979 gwamnatin soja ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, wadda ke riƙe da gidan har yanzu.

To, yaya aka mayar da gidan ɓoye mutane ya zama gidan nuna kaya? An raba shi ɗakunan nuni 11, aka jera su yadda in ka bi su a jere kamar kana buɗe shafukan littafi ne. Tun daga bakin shiga za ka ci karo da manyan tukwane da aka tono a wajen Ƙofar Kabuga, da igwa biyu na zamanin Turawa. Daga nan sai ɗakin gine-ginen gargajiya da kayan aikin magina, sai na ganuwa da ƙofofin gari da taswirarsu. A nan ne aka ajiye ƙyauren Ƙofar Kabuga, ƙofar da ake cewa ta nan Turawa suka shiga birni. Wannan ƙyaure ya isa a tsaya a kansa. An yi shi ne don ya tare runduna, a rufe shi da almuru a buɗe da asuba, yau ga shi a cikin ɗaki, ba ganuwa a dama ba ganuwa a hagu, 'yan makaranta na tsayawa gabansa ana ɗaukarsu hoto. Ya tsira, amma ba ya rufe komai.

Sai a wuce da kai zamanin Dala da Barbushe da Tsumburbura da zuwan Bagauda, sai jihadi da Kano ta ƙarni na 19, sai Basasar da aka yi tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa daga 1893 zuwa 1895, sai kasuwanci da hawan sallah, sai zamanin Turawa da 'yan siyasar farko. Ilimin addini yana da ɗakinsa, haka sana'o'i irin su saƙa da rini da noma, haka kayan kiɗa. Can ƙarshe sai ɗakin amarya da jerenta. Fili na tsakiya kuwa ya zama dandalin wasa, inda 'yan Koroso kan yi rawa.

Ba mu raina wannan tsari ba, aiki ne na masana, kuma ya ilmantar da ɗimbin yara. Amma a duba abin da jerin ke faɗa wa yaro ba tare da an buɗe baki ba. Yana gaya masa cewa ƙashin bayan tarihi shi ne sarauta da yaƙi, su ne a gaba, lokacin ƙafarsa ba ta gaji ba, idonsa kuma a buɗe yake. Masaƙi da marini da manomi sai ya kusa fita zai gamu da su. Alhali abin da ya ba Heinrich Barth mamaki da ya zo Kano a 1851 shi ne tufafin da ake saƙawa a rina a birnin da ƙauyukansa, ana kai su har Timbuktu da Tarabulus. Zaren wannan saƙa kuwa mata ne ke kaɗa shi a cikin gida. Su waɗannan mata, in ka bi ɗakunan, a matsayin amare za ka fi tuna su. Da wata rana za a yi gyara a fara da ɗakin mazari da abawa, a kai igwa ƙarshe, kayan ba za su ƙaru ko da ɗaya ba, amma yaron da zai fito wata Kano daban zai ɗauko a kansa.

Akwai kuma wani gyaran da ba na jera kaya ba, wanda shi ne ya fi cin gine-ginenmu. Ginin ƙasa ba a gama shi. Duk damina ruwa na zaftare masa fata, duk rani sai an sake yaɓe, a duba azara ko gara ta shiga, a share indararo, a shafa makuba, a ɗaga zankwayen da suka gutsure. Babu mai cewa ƙasar da ke jikin Gidan Makama a yau ita ce hannun maginan Rumfa ya taɓa. Abin da ya zo mana daga wancan zamani shi ne wurin, da fasalin, da ilimin da uba ke miƙa wa ɗa a gidajen magina. Muddin ana gyara da ƙasa, ginin na sabunta kansa ne. Matsala takan taso ranar da aka gaji da yaɓen shekara-shekara aka ce a shafa siminti a huta. Siminti ba ya barin bango ya yi numfashi. Ruwa ya sami tsaga ya shiga, ya rasa mafita, sai tubali ya jiƙe ya ruɓe daga ciki, waje kuwa sumul da fenti, har ranar da fatar za ta ɓalle ta zubo da rabin bango. In aka ɗora kwano kuma, indararo ya zama ba shi da aiki, zanko ya zama abin da ke tare wa kafinta hanya, sai a sare shi. In aka sa silin don a ɓoye wayar lantarki, to an rufe ɗaurin guga da bakan gizo, wato ainihin abin da ya kamata baƙo ya ɗaga kai ya kalla.

Ba Gidan Makama kaɗai aka mayar gidan tarihi daga wani abu daban ba. Na Katsina yana cikin tsohon ginin Kwalejin Katsina ne, wadda aka buɗe a 1922, inda Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi karatu daga 1928 zuwa 1933. Azuzuwa suka zama ɗakunan nuni. Na Kaduna, wanda aka buɗe a 1975, tsohuwar hedikwatar jam'iyyar NPC ce. Ko a ƙasashen Turai haka abin yake. Louvre ta birnin Faris fadar sarakunan Faransa ce kafin a buɗe ta ga jama'a a 1793, kuma har zuwa 1989 ma'aikatar kuɗi na zaune a wani reshe nata. A shekarar ne aka buɗe dalar gilashin nan a tsakiyar fili ta zama babbar mashiga, aka koma shiga ta ƙarƙashin ƙasa ana rarrabuwa zuwa rassa uku. An sha cacar baki a kan wannan dala kafin a saba da ita. Bambancinsu da mu ɗaya ne: su kafin su taɓa bango sai sun auna, sun zana, sun ɗauki hoto, sun ajiye, ta yadda jikan mai ziyara zai iya sanin inda kakansa ya tsaya.

Mu ma an taɓa yi mana irin wannan awo, kuma labarinsa ya shafi Bauchi kai tsaye. A Kafin Madaki, cikin ƙaramar hukumar Ganjuwa, akwai Gidan Madaki da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina wajen 1860, wanda tun 1956 aka sa shi cikin wuraren tarihi na ƙasa, tun kafin Gidan Makama. Babban Gwani shi ake danganta wa ginin Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Masana gine-gine na duniya sun sa wannan masallaci a sahun gaba na abin da aka taɓa ginawa da ƙasa a Afirka ta Yamma, saboda bakunan gizonsa da ginshiƙansa da zanen da ke jikinsu. A shekarun 1970 aka yi masa gagarumin gyara. Aka gina sabon masallaci na kankare ya lulluɓe tsohon, wani sashe na ainihin ɗakin salla ya tsira a ciki, amma fasalin waje, da zaurukan shiga da harabar da Babban Gwani ya tsara, suka tafi. Waɗanda suka yi aikin da kyakkyawar niyya suka yi, jama'a sun yi yawa, wuri ya yi kaɗan, ruwa kuma ba ya jira. Babban Masallacin Kano ma ai an sake shi da siminti tun farkon shekarun 1950, kuma a 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi, aka sake gina wata.

Abin da ya ceci siffar masallacin Zariya shi ne wani masanin gine-gine ɗan ƙasar Poland, Zbigniew Dmochowski, da ya yi shekaru yana yawo da ma'aikatansa 'yan Nijeriya suna auna gidajen sarakuna da masallatai da bukkoki, suna zana su dalla-dalla. Da wannan awo aka gina kwafin masallacin a Jos, a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke kusa da babban gidan tarihi, tare da kwafin wani yanki na ganuwar Kano. Wato yau Bazazzagin da ke son ganin yadda kakanninsa ke shiga masallacinsu, sai ya hau mota ya tafi Jos. Kuma shi kwafin ma ginin ƙasa ne, shi ma yana jiran yaɓe duk shekara.

Yanzu mu dawo gida, kan kabarin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, Allah Ya jiƙansa, inda yawancinmu muka fara sanin abin da ake kira gidan tarihi. An kashe shi a juyin mulkin Janairun 1966, aka kawo gawarsa Bauchi aka binne. Shekara 10 bayan haka, a 1976, aka ƙirƙiro Jihar Bauchi daga Jihar Arewa maso Gabas, a 1977 aka fara ginin da ke kewaye da kabarin, aka buɗe shi a 1979. To, a nan ma akwai sauyin fasali da ba kowa ke lura da shi ba: kabari ne na Musulmi kamar kowane, a ƙasa, a fili, sannan daga baya aka zo aka gina masa hanya da bango da ma'ana.

Wannan gini ya sha bamban da Gidan Makama ta wani fanni mai muhimmanci. Shi Gidan Makama gida ne aka tanƙwara shi ya zama wurin nuni. Wannan kuwa tun daga tushe an zana shi ne don ƙafar mai ziyara ta karanta labari. Duk wanda ya taɓa shiga ya san sai an bi ta wani dogon lungu mai duhu, wanda masu yi wa baƙi jagora ke bayyana shi da zamanin mulkin mallaka. Ana tafe sai ɗan haske ya fara ratsowa, alamar fafutikar neman 'yanci. Akwai matakala mai kaushi, ta wahalar da aka sha, akwai mai santsi, ta bayan samun 'yancin kai. Daga nan sai mutum ya fito sarari, babu rufi, sama a buɗe, bango kewaye da ƙananan tayil masu launi iri-iri da ke wakiltar ƙabilun Nijeriya, ga kabarin nan a tsakiya ba ado ba ƙawa, daidai da halin mai shi. A wani sashe dabam aka ajiye kayansa na amfanin yau da kullum da hotunansa, ga ɗakin karatu, ga masallaci.

A irin wannan gini, abin da ɗan kwangilar da bai san dawan garin ba zai kira aibi, shi ne saƙon. A ce an kawo mutum an ce ya gyara wurin ya yi kyau. Zai shiga lungun nan ya ce kai, wannan duhu ya yi yawa, a sa ƙwan lantarki duk taku biyar. Zai taka matakala ya ce kaushin nan zai kayar da tsofaffi, a manna tayil mai sheƙi. Zai ɗaga kai ya ce rana na dukan baƙi, ruwa na shigowa, a ɗora rufi. Kowace shawara a cikin ukun nan tana da hujja, kowacce za a iya rubuta ta a takarda a sa hannu a biya kuɗi, kuma in aka yi su duka, an shafe mulkin mallaka da wahala da 'yanci a wata guda, ba tare da an rushe bango ko ɗaya ba. Ba muna cewa wani ya yi haka ba ne, kuma ba muna cewa kada a gyara ba. Gini na tsufa, tayil na ɓamɓarewa, tsoho da mai keken guragu suna da haƙƙin su isa gaban kabarin su yi addu'a kamar kowa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Abin da muke cewa shi ne, a irin wannan wuri mai riƙe da tarihi ya kamata ya shiga gaba, mai riƙe da cokalin gini ya biyo baya.

Sashen kayan marigayin shi ne ya fi saurin sauyawa, domin akwatin gilashi mutum biyu ne ke ɗaga shi. Wane hoto ne a bakin ƙofa, na malamin makaranta ko na Firayim Minista a gaban Majalisar Ɗinkin Duniya a Oktoban 1960? Ina aka sa labarin ranar 15 ga Janairu, a tsakiya ko a gefe? Yaran da ba su san shi ba sai a jikin takardar naira 5, daga wannan jeri za su gina mutumin a zukatansu.

Sai abu na ƙarshe, wanda shi ne ya fi kusa da mu, kuma shi ne muka fi sakaci da shi. Da yawa in an ce Shadawanka, barikin soja ne ke zuwa musu a rai. Amma a jerin wuraren tarihi na ƙasa da hukumar nan ke riƙe da shi, sunan Shadawanka yana nan saboda zanen da mutanen da suka yi a jikin dutse, tare da na Dutsen Zane da ke Geji a ƙasar Toro, da na Shira, da na Birnin Kudu a Jihar Jigawa. A Birnin Kudu shanu ne suka fi yawa a zanen, a Geji har da namun daji da mutane. Waɗannan su ne ɗakunan nunin zane mafi tsufa da muke da su, sun girmi ganuwar da Malam Yakubu ya kewaye Bauchi da ita, sun girmi duk wani gidan tarihi da muka ambata. Ba magini ne ya tsara su ba. Mai zanen ya zaɓi fuskar dutsen da ruwa ba ya duka, ya zaɓi tsayin da hannunsa ya kai, kuma hanyar da ake bi a hau, da inuwar da ake tsayawa, da abin da ake hangowa daga can, duk suna cikin aikin.

Irin wannan wuri ba a taɓa bangonsa da sunan kwaskwarima, amma kewayensa na sauyawa, kuma sakamakon ɗaya ne. Gari na matsowa, fili na zama fuloti, masu fasa dutse na neman abinci, hayaƙin ƙona ciyawa na baƙanta fuskar dutse, yaro na ɗaukar gawayi ya rubuta sunansa, wani ya watsa ruwa don launi ya fito a hoto, bai san yana wanke shi ba ne. Hatta kariya kanta tana iya zama ɓarna in ba a yi ta da sani ba. A Faransa akwai kogon Lascaux da aka gano a 1940, cike da zanen dabbobi na dubban shekaru. Aka gyara mashigarsa aka buɗe wa jama'a a 1948. Numfashin baƙi da ɗumin jikinsu suka fara cin zanen, dole aka rufe shi a 1963, aka gina kwafinsa a kusa aka buɗe a 1983. A 2001 kuma, bayan an sa sabuwar na'urar daidaita iska don a kare shi, sai fumfuna ta bazu a ciki. Wannan ƙasa ce mai kuɗi da masana. To ina ga wanda zai zo da buhun siminti da gwangwanin fenti ya ce zai ƙara wa zanen kakanni haske?

Don haka ga abin da muka tsayar a zamanmu. Duk wanda ke da tsohon hoto da aka ɗauka a kabarin Tafawa Ɓalewa, ko a Gidan Madaki, ko a Gidan Makama, ko a kan duwatsun nan namu, ko da hoton yawon makaranta ne da ya koɗe, ya kawo wa sakataren ƙungiya, za a ɗauki kwafi a mayar masa da abinsa nan take. A bayan kowane hoto muna son shekara, in an tuna, da inda mai ɗauka ya tsaya. Iyayenmu da suka ga wurin kabarin kafin 1977 kuwa, za mu bi su gida da na'urar ɗaukar murya, Baba mai maganar farko ya riga ya ce da shi za a fara.

Yaran da za su tafi ziyara a wannan hutu kuma, kowanne zai riƙe littafi da fensir. Zai zana ƙofar da ya shiga, da hanyar da aka bi da shi, da abin da ya gani a ɗaki na farko da na ƙarshe, ya rubuta sunansa da kwanan wata a ƙasa. Za mu haɗa takardun a ambulan guda mu sa a akwatin ƙungiya, tare da hotunan.